Sa'ad da Tsakar Gida Ta Yi Shiru

Wa'azi a kan Littafin Tobit, sura 10, domin Ranar Kakanni da Tsofaffi



Karatunmu ya kai mu wani gida a birnin Nineba, gidan da mutum biyu kaɗai suka rage a cikinsa. Maigidan, Tobit, ya makance. Uwargidan, Hannatu, ita ke riƙe da gida da sana'ar saƙa. Ɗansu tilo, Tobiya, an aike shi ƙasar Midiya ya karɓo kuɗin da uban ya ba wani ɗan'uwa ajiya shekaru da yawa da suka wuce. Kwanakin da aka ƙiyasta wa tafiyar sun cika, yaro bai dawo ba. Tobit yana zaune yana lissafin kwanaki, yana neman dalilin da zai kwantar masa da hankali: ko wani abu ne ya tsare yaron, ko kuwa mai ajiyar ne ya rasu. Hannatu kuwa ta riga ta fid da rai. Kowace safiya takan fita bakin hanyar da ɗanta ya bi, ta zuba ido har rana ta faɗi, sa'an nan ta koma ɗaki ta kwana tana kuka. In mijin ya ba ta haƙuri, sai ta ce ya daina ruɗinta.

Mu masu karatu mun san abin da su ba su sani ba. Yaron yana Ekbatana lafiya lau, ya yi aure, ana cikin biki na kwana 14. Abokin tafiyarsa kuma, wanda suka ɗauka ɗan rakiya ne da za a biya lada, ashe Mala'ika Rafayel ne. Allah yana aiki a can nesa, inda idon uwa ba ya kaiwa. Amma ku lura, Littafi Mai Tsarki bai tsauta wa Hannatu saboda kukanta ba. Ya rubuta shi ne yadda yake, domin kukan gaskiya ne.

Irin wannan gida baƙon abu ne a ƙasar Kano. A da, 'ya mace ce ke barin gida. Ranar kai amarya uwa ta sha kukanta, amma kafin hawayen ya bushe an kawo wa ɗanta tasa amaryar. 'Ya'ya maza suna nan cikin gandu, suna noma tare da uba, kowa da 'yar gayaunarsa. Mai zuwa cin rani yakan tafi bayan kaka, ya dawo kafin ruwan shuka. Ƙasar nan da ke kewaye da birni ta yi suna har a ƙasashen waje saboda yawan jama'arta da kuma yadda ake noma gona ɗaya kowace shekara ba hutu, ba ta gaji ba. Wani masanin ƙasa, Michael Mortimore, ya yi nazarinta a shekarun 1960, ya ga yadda jakuna ke shiga birni da itace, su fito da taki. Wata Baturiya kuma, Polly Hill, ta zauna nazarin Ɗorayi a 1971 da 1972, ta tarar da manyan gidaje inda magidanta masu yawa ke zaune da iyalansu a bayan zaure ɗaya. A irin wannan gida, tsoho yana iya rasa lafiya, yana iya rasa haƙori, amma ba ya rasa mai ce masa ina kwana.

Ku dubi Rijiyar Zaki yanzu, a kan hanyar Gwarzo, cikin ƙaramar hukumar Ungogo. Birni ya taso daga Kabuga ya cim mata, sabon mazaunin Jami'ar Bayero kuma yana gaba kaɗan. Inda aka san gero da dawa da wake, an yanka filaye, bulo ya tsiro. Gonar da ta ci da gida ɗaya an raba ta gado sau biyu, sau uku, har ta kai ba ta isa ciyar da kowa, sai aka sayar. Mun sa yara a makaranta, kuma daidai muka yi. To, makarantar ta ba su abin da muka roƙa musu, wato aiki, aikin kuwa yana Kaduna, yana Abuja, yana Ikko, wani ma ya haye teku. Addu'armu ce Allah ya amsa, amsar ce kuma ta bar ɗakuna a kulle. Uwa ta saba auna tiya biyu, yanzu rabin kwano ma sai ya kwana. Babbar tukunya tana kife a kan rumbu.

Bari in fara da abin da ba a cika faɗa ba. Sa'ad da yara suka watse, miji da mata sukan tarar cewa sun manta yadda ake hira da juna. Shekara talatin ana magana ta bakin yara: je ka gaya wa babanku tuwo ya sauka, ce wa uwarku na tafi kasuwa. Kunyarmu abu ne mai kyau, ita ce ma ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari. Amma akwai shirun da ba kunya ba ne, sanyin zuciya ne da ya shigo a hankali, hayaniyar yara ta rufe shi. Da hayaniyar ta ɗauke, sai ga shi a fili. Gidan Tobit ma ya san wannan. A sura ta 2, an ba Hannatu ɗan akuya kyauta a kan ladan saƙarta, makahon mijinta ya ji kukansa, ya zarge ta da karɓar kayan sata, ita kuma ta mayar masa da magana mai zafi a kan sadakokinsa. Mutane ne masu tsoron Allah, duk da haka talauci da ciwo sun kaifafa harsunansu.

Maigida, uwargida, ranar da kuka tsaya gaban bagade, ba yaro ko ɗaya a wurin. Ku biyu kuka yi alkawari, kuma Sakramentin Aure bai ƙare ranar da autanku ya ɗauki jakarsa ba. Majalisar Vatikan ta Biyu, a 1964, ta kira iyali ƙaramar ekklesiya ta cikin gida. Ekklesiyar da ta rage mutum biyu har yanzu ekklesiya ce. Maigida, ka ɗauko kwanonka daga zaure, ka ci a inuwa ɗaya da matarka. Ba wanda zai yi maka dariya, masu dariyar sun tafi Abuja. Ku yi Rosari tare da dare, kuna ambatar yaran ɗaya bayan ɗaya.

Sai kuma maganar hannu. Hannun da ya saba da fartanya, in an hana shi aiki, zuciya ce ke ɗaukar ciwon. Littafin Farawa ya nuna cewa aikin farko da Allah ya ba mutum shi ne noman lambu da tsaronsa, tun kafin zunubi ya shigo duniya. Saboda haka aikin ƙasa ba horo ba ne, gata ne. Wanda gonarsa ta tafi, tsakar gidansa tana nan, har ma ta ƙara faɗi tun da masu tsalle-tsalle a cikinta sun girma. Wurin da ake shanya kayan makaranta ya isa kunya biyu ko uku ta alayyafo, wanda cikin wata guda ake fara tsinka. Kuɓewa takan fara ba da 'ya'ya wajen wata biyu, in kuwa ana cire su suna ƙanana, sai ta yi ta haihuwa. Zogale ba ya neman roƙo, reshe za ka sara ka kafa a jikin katanga. Rama da yakuwa da lalo sun san ƙasar nan tun kafin a haife mu. Kabewa kuma a nuna mata danga kawai, ita za ta nemi hanyarta zuwa rufin ɗaki.

Wanda aka shafe tsakar gidansa da siminti kada ya ce an rufe masa ƙofa. A sami tsohon buhu, a huda gindinsa domin ruwa ya tsiyaye, a cika shi da ƙasa da ɗan yashi da takin awaki. Amma takin ya zama wanda ya ruɓe ya huce, gama ɗanyen taki ƙona saiwa yake yi. Ruwan wankin shinkafa da na ɗaurayar ganye kada a zubar da shi a kwata, mai sabulu da yawa ne shuka ba ta so. A yi ban ruwa da sassafe ko da yamma. In ƙwari sun sauka, a barbaɗa toka, ko a jiƙa ganyen darbejiya a yayyafa. Tumatur da latas da albasa sun fi son sanyin hunturu, zafin bazara yakan zubar wa tumatur fure. Kaji da awaki kuwa, ku kun fi ni sanin halinsu, ba su san Lahadi ba, ba su san azumi ba, sai an yi shinge na kara. Wannan ba wasan tsofaffi ba ne. Duk wanda ya tuna 2016, shekarar da tsutsa ta cinye tumatur a Kadawa da sauran lambunan Kano, ko ya ga yadda kayan miya suka yi tsada bayan cire tallafin man fetur a 2023, ya san darajar miyar da aka tsinko a ƙofar ɗaki. Abin da ya ragu kuma a miƙa wa maƙwabci ta kan katanga. Yawancin maƙwabtanmu a nan Musulmi ne, kuma ƙwaryar kuɓewa takan shiga gidan da wa'azina ba zai shiga ba.

Mai lambu ya san wani abu da iyaye kan manta. Irin tumatur a wuri ɗaya ake yafa shi, a rene shi a inuwa. Amma in ya yi makonni, dole a cire shi a dasa. Wanda ya ji tausayinsa ya bar shi a cunkushe, zai sami dogayen sirara da ba su haihuwa. Dashe yakan yi yaushi kwana biyu ko uku kamar zai mutu, daga baya ya miƙe. Akwai iyayen da ke ɗaure 'ya'yansu da igiyar laifi: kullum waya, kullum ƙorafi, kullum suruka ce ta raba ni da ɗana. Akwai kuma masu cewa a kawo musu jika ya ɗebe musu kewa. Riƙo al'adarmu ce, kuma ya raya marayu da yawa. Amma in za a cire yaro daga makarantarsa da ɗumin uwarsa domin kawai tsakar gida ta yi shiru, to an mai da shi magani, shi kuwa mutum ne. Ku auna wannan a gaban Allah kafin ku roƙa.

Ku tuna da Waliyiya Monika, 'yar Afirka, mutuniyar Tagaste a ƙasar da yau ake kira Aljeriya. A shekara ta 383 ɗanta Augustin ya yaudare ta a bakin teku a Kartaj, ya shiga jirgin ruwa da dare ya tafi Roma, ya bar ta tana addu'a Allah ya hana tafiyar. Allah bai hana ba. Tafiyar da ta roƙa a hana ita ce ta kai shi Milan, wurin Bishop Ambros, wanda ya yi masa baftisma a daren Ista na 387. A wannan shekarar, a Ostiya, uwa da ɗa suka jingina a wata taga mai duban lambu, suna zancen rai madawwami, bayan 'yan kwanaki ta kwanta ciwon ajali. Ta daɗe tana burin a binne ta kusa da mijinta a gida, amma a ƙarshe ta sake wannan ma, abin da ta roƙa kawai shi ne a riƙa tunawa da ita a bagaden Ubangiji. Dayosis ɗinmu na Kano, wanda ya cika dayosis a 1999, ya ci moriyar hawayen matar nan, gama Bishop Patrick Sheehan da Bishop John Niyiring dukansu 'yan ƙungiyar Waliyyi Augustin ne, haka ma Paparoma Leo na 14 da aka zaɓa a 2025.

Yanzu gare ku, 'ya'ya, domin na san takardar nan takan bi mota ta iske ku inda kuke. Da kwanakin biki suka cika, Ragu'el, surukin Tobiya, ya roƙe shi ya ƙara zama, ya ce zai aika manzanni su kai wa Tobit labari. Tobiya ya ƙi. Ya san saƙo ba zai ta da uwarsa daga bakin hanya ba. Kuɗin da kuke turowa ta waya Allah ya sa albarka, yana sayen magani, yana biyan kuɗin wuta. Amma maganin idon Tobit, da hannunsa Tobiya ya shafa masa. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Doka ta huɗu ba ta da ranar ƙarewa, Littafin Sirak kuma a sura ta 3 ya gargaɗi ɗa kada ya rena ubansa ko da hankalin uban ya fara raguwa. In kun kira, kada ku tsaya a kan an ga kuɗin ko ba a gani ba. Ku tambayi Baba yadda kuɓewarsa take, ku bar shi ya yi bayani har ya gama. In kun zo Kirsimati, Inna ta ƙulla muku busasshen zogale da kuka a leda, ku karɓa da hannu biyu, ko da kasuwar garinku cike take da su.

Paparoma Fransis ya kafa wannan rana a 2021, ya sa ta a Lahadi ta huɗu ta watan Yuli, kusa da idin Waliyyai Yowakim da Hannatu, iyayen Budurwa Maryamu. A lokacin damina ta yi tsakiya a wurinmu, ƙasa tana da laushi, ba a makara da shuka alayyafo da kuɓewa ba. A cikinmu akwai waɗanda mijin ko matar ta riga su, akwai waɗanda Allah bai ba su haihuwa ba, akwai waɗanda 'ya'yansu ke kwance a maƙabarta, ba hanyar da za su fita su duba. Ina roƙon Zumuntar Mata Katolika da matasan kowace majami'a su zauna da katikis su rubuta gidajen nan. Masu iri su kawo iri, masu awaki su kawo taki, samari su zo da fartanya ranar Asabar su tayar da kunyoyi su kafa shinge. Wanda ƙafarsa ba ta iya kawo shi Misa kuma, a sanar da Fada sunansa da unguwarsa domin a kai masa Jibin Ubangiji har gida.