Haƙƙin Uwa a Kan Kanta

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ku sani ya 'yan'uwa, hutu ɗaya tak al'adarmu ta yanka wa uwa, shi ne kwana arba'in na jego. A cikinsu ake dafa mata ruwan wanka, a dama mata kunu, a gasa mata nama, gwaggo ko kaka ta tare a ɗakin tana karɓar jariri. Ana yin arba'in sai kowa ya watse. Daga ranar ita ce farkon tashi, ita ce ƙarshen kwanciya: sanwa, wanki, 'yan boko da safe, 'yan Islamiyya da yamma, ga sana'a ko aikin ofis. In ta rame sai a ce baiwar Allah akwai haƙuri. Sau da yawa wannan yabon mun ƙirƙire shi ne don kada mu taimaka.

Bukhari ya ruwaito daga Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya shiga masallaci ya tarar da igiya ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu. Aka gaya masa ta Zainab ce, da ita take dafawa idan tsayuwar sallah ta gajiyar da ita. Sai ya sa aka kwance ta, ya yi umarni mutum ya yi nafila gwargwadon kuzarinsa, in ya gaji ya zauna. To, idan ganawa da Ubangiji ba a yarda a matse jiki dominta ba, ina ga wanke-wanke? Haka kuma mata suka koka masa cewa maza sun rinjaye su a wurinsa, suka roƙi rana tasu ta karatu, ya kuwa ware musu. Bai ce su koma su ji da yara ba.

Wani zai kawo hujja da Nana Faɗima, wadda dutsen niƙa ya yi wa kanta a hannu, ta nemi mai hidima, aka ba ta tasbihi da tahmidi 33-33 da takbiri 34 a lokacin kwanciya. Gaskiya ne, kuma babu guzurin da ya kai wannan. Amma mai karanta wa matarsa wannan hadisi ya haɗa da na Nana A'isha, cewa Annabi yakan kama aikin gida tare da iyalinsa har lokacin sallah ya yi. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ma, a Nurul Albabi, ya zargi malaman da ke barin matansu cikin jahilci, suna morar su kamar ƙwaryar da ake jefarwa idan ta fashe. A Muhtasar na Halilu kuwa, miji mai hali wajibi ne ya samar da mai hidima ga matar da ta cancanta.

Ke kuma uwa, jikinki amana ne, za a tambaye ki game da shi. Ƙailular bayan azahar, zuwa awon ciki, gwajin hawan jini, darasin Alƙur'ani, ziyarar gidanku, babu son kai a cikinsu. Sai dai kada wayar hannu ta cinye ɗan lokacin da kika samu, don kwana a WhatsApp gajiya ce sabuwa. Malam maigida, kai ma idan ka dawo daga sallar la'asar, ka kwashi yaran ku zauna a zaure, ka biya musu allonsu har magariba, kada ka aiko ko ɗaya ciki neman ruwa.