Mas'ala a kan wanda ke aiken ɗansa sayen taba

Bismillahir Rahmanir Rahim. Ka sani, ya kai muridi, malamai sun saɓa a kan taba: Ahmadu Baba na Tumbutu ya halatta ta, shehunan Tijaniyya suka hana. Amma abin da ke gusar da hankali, giya ko ƙwaya ko kodin da hukumar Najeriya ta hana a 2018, babu saɓani a haramcinsa.

To, uba ya aiki ɗansa sayen taba, ya ce kunno mini, har yaro ya saba, ya zarce ga ƙwaya: laifin wa? Na ce, kafin balaga ba a rubuta wa yaro zunubi, uba ake rubuta wa, ko da carbi na hannunsa. Bayan balaga kuwa, kowa da kasonsa. Wallahu a'alamu.