Littafi da Garaya a Hannu Guda

Masu bin addinin Hindu suna siffanta Sarasuwati, wadda suke ɗauka uwar ilimi da fasaha, da hannuwa huɗu: biyu na riƙe da wina, wani abin kiɗa mai tsirkiya kamar babbar garaya, ɗaya da littafi, ɗaya da carbi. A bikinta na Basant Pancami, tsakanin Janairu da Fabrairu, ana ajiye littattafai da kayan kiɗa a gabanta, a koya wa yara harafin farko. Aƙidar ba tamu ba ce, amma siffar ta bar mana tambaya: don me muka raba abin da su suka haɗa?

A Gure, tsohuwar fadar Muniyo, kamar a Damagaram, malami yana zaune bisa buzu, mai algaita yana tsaye a rana. Ana jin daɗin busarsa ranar salla, amma idan ɗansa ya zo neman aure sai a tuna asalinsa. Har a lakwal ɗan makaɗi yakan ɓoye sana'ar gidansu, mu malamai kuwa mu yi kamar ba mu gani ba.

Masu raba su suna da hujja, ba ƙarama ba. Suka ce maroƙi yana yabon wanda ya ba shi, ya zambaci wanda ya hana, don haka harshensa na sayarwa ne. Gaskiya ne. To, alƙalami fa, ba a taɓa sayen sa ba? Aibin yana ga kwaɗayi, wanda bai san gidan kowa ba.

Ga shi kuma ilimin da muke taƙama da shi da murya ya iso gare mu. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta karantar da matan ƙauye ta hannun jajis. Aliyu Namangi makaho ne, amma Imfiraji ta shiga gidajen da littafi bai taɓa shiga ba. Da yawa daga sunayen sarakunan Damagaram da labarin zamaninsu a bakin makaɗan fada irin su Ma'azu Ɗan Alalo talakawa suka ji su. Ranar da mai bincike ya zo daga jami'a neman tarihin Muniyo, ƙofar tsohon maroƙi yake sallama, ya fita da digiri, maroƙin ya koma da goro.