Uwar Marayu Ta Tambaya, A Ba Ta Amsa

Karatu: Ezra 8:24-34; 2 Korantiyawa 8:16-24

Bayan wani taron farkawa da muka yi, wata 'yar'uwa ta tsaya a ƙofar majami'a har kowa ya watse. Shekara 4 ke nan da rasuwar mijinta, ya bar mata yara uku. Kafin ya cika, ya danƙa wa ƙaninsa gidan haya da kuɗin da ke banki, ya ce a riƙe wa yaran har su girma. Ba ta ja da wannan ba. Abin da ke cin ranta shi ne, har ranar ba ta san nawa ne kuɗin ba, ba ta san abin da 'yan haya ke biya ba, takardar gidan ma ba ta taɓa gani ba. In ta tambaya, sai ya ce, "Ashe ba ki yarda da ni ba? Ni da mijinki ciki ɗaya muka fito." Sai ta yi shiru. Ta dube ni da hawaye ta ce, "Mai bishara, zunubi ne in tambaya?"

Na ce mata ba zunubi ba ne, kuma ina so ikkilisiya ta san dalili.

Dubi Ezra. A bakin kogin Ahawa ya kira azumi, suka roƙi Allah ya kiyaye su a hanyar Urushalima. Mutumin addu'a ne, babu shakka. Amma da ya zo danƙa dukiyar Haikali, sai ya keɓe shugabannin firistoci 12, ya auna musu ita a hannu: azurfa talanti 650, zinariya talanti 100, da kayayyaki. Da suka isa Urushalima, a rana ta huɗu aka sāke aunawa a gaban shaidu, aka rubuta nauyin kome. Firistoci ne fa, keɓaɓɓu ga Ubangiji, amma ba mu ji ko ɗaya ya ɓata rai don an kawo ma'auni ba. Wannan ma'aunin ne ya wanke su. Da babu shi, da duk wanda ya ga firist da sabuwar riga sai ya fara raɗa.

Manzo Bulus ma haka ya yi da gudummawar da aka tara wa tsarkaka na Urushalima. Bai ɗauki jakar shi kaɗai ba. Akwai Titus, akwai wani ɗan'uwa da ikkilisiyoyi suka zaɓa da kansu, domin kada wani ya sami abin zargi. Bulus ya san Allah yana ganin zuciyarsa, duk da haka ya so mutane su ma su ga hannunsa. To, in manzon da ya ga Ubangiji a hanyar Dimashƙu ya yarda a sa masa ido a kan kuɗi, wane ne kai da za ka fusata don matar ɗan'uwanka ta ce ka nuna mata takardar banki?

Wani zai ce ai a 2 Sarakuna 12 ba a nemi lissafi daga masu lura da gyaran Haikali ba, don amintattu ne. Gaskiya ne. Amma koma baya kaɗan a wannan sura: magatakardan sarki da babban firist tare suke ƙirga kuɗin akwatin kafin a ba kowa. An san abin da ya shiga, kuma aikin yana gaban idon jama'a. Kai da ka riƙe dukiyar marayu shekara da shekaru a ɓoye, wannan aya ba mafakarka ba ce.

Galatiyawa 4 ta nuna mana matsayin mai riƙo. Magaji, muddin yana yaro, yana ƙarƙashin masu kula da shi har lokacin da uba ya sa, amma shi ne mai dukiyar. Kai wakili ne kawai. Yaro ɗan shekara 7 ba zai iya ce maka "Baba, kawo lissafi" ba. Wa zai tambaya a madadinsa in ba wadda take ciyar da shi, take kwana da shi a asibiti, take zuwa roƙon shugaban makaranta kada a kore shi saboda kuɗin zango ba? Idonta shi ne idon yaran. Haka yake in uwa ce ta rasu, danginta suka riƙe abin da ta bari: uban yaran yana da bakin tambaya.

Ke kuma 'yar'uwa, ki ji wannan da kyau. Sanin lissafi dabam, taɓa dukiya dabam. In marigayi ya zaɓi wani ya riƙe, ki girmama wasiyyarsa. Na ga inda uwa ta karɓi rabon 'ya'yanta ta zuba a kasuwancin sabon miji, kome ya salwanta. Ki tambaya domin yaran, da ladabi, a gaban dattijo ko fasto: nawa aka bari, a ina yake, da sunan wa, me ya shigo, me aka kashe, yaushe za a miƙa wa yaran. Ki roƙa a rubuta miki, ki adana.

In an bi matakan Matiyu 18, kin je ke kaɗai, kin je da shaidu, an kai gaban ikkilisiya, ya ƙi ji, akwai hukuma. A Nijeriya, sashen gādo na Babbar Kotun jiha shi ke ba da takardar izinin kula da dukiyar mamaci, kuma kotu tana da ikon sa mai riƙo ya kawo lissafi. Yaron da bai kai shekara 18 ba, babba yana iya shigar da ƙara a madadinsa. Kada wani ya ce miki wannan rashin bangaskiya ne. A 2 Sarakuna 8, mutuniyar Shunem ta dawo bayan shekara 7 na yunwa, ta je gaban sarki tare da ɗanta a kan gidanta da gonarta. Sarki ya sa wani jami'i ya mayar mata da kome, har da amfanin gonar tun daga ranar da ta tafi.

Ɗan'uwa mai riƙon amana, wataƙila ba ka ci ko kwabo ba, sakaci ne kawai da jin nauyi. Kada ka jira a sāke tambayarka. Cikin wannan mako ka karɓo takardar banki, ka ɗauki rasit ɗin haya, ka kira dattijo ɗaya, ka je gidanta. In kuwa ka taɓa, ka faɗa da bakinka, ku tsara yadda za ka biya. Zakka ya mayar da abin da ya ƙwace, Yesu kuma bai guje shi ba, a gidansa ya sauka.

Addu'a: Ya Uba, Uban marayu, ka ba gwauraye na cikinmu ƙarfin hali su tambaya, ka ba masu riƙo tawali'u su amsa. Inda aka ɓoye takarda, Ruhu Mai Tsarki ka hana zuciya sukuni har a fito da ita. Cikin sunan Yesu. Amin.