Tausayin da ya kwantar da Hajiya

Ɗana, an ce mini ka daina kai Hajiya sashen gashin ƙashi, wai duk ranar da ta je sai ta dawo da jiri fiye da na jiya. Ka sayo mata Stugeron a kemis, ka ce ta kwanta abinta. Ba wanda zai ce ba ka kula da mahaifiyarka. Amma ka yi gaggawa, kuma ka yanke hukunci ba tare da ka koma wurin likita ba.

Abu uku ke riƙe mutum a tsaye: can cikin kunne, da ido, da abin da ƙafa ke ji a ƙasa. Da kunnenta guda ya samu rauni, sai saƙon hagu da na dama suka daina daidaituwa, ƙwaƙwalwa ta rikice. Ikon Allah, ƙwaƙwalwa tana iya koyon sabon lissafi, amma sai an yi ta motsa kai tana ganin kuskuren tana gyarawa. Shi ya sa ake ba ta kati mai harafi ɗaya, ta kafa masa ido tana juya kai hagu da dama kamar minti guda, daga baya ta yi tafiya tana waiwaye. Ɗan jirin da ke tasowa, in ya lafa bayan mintuna, yana cikin maganin. Ba kuma sabon abu ba ne. Tun shekarun 1940 wasu likitocin Ingila, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa majinyacin da ya tashi yana motsa kai ya riga na kwance warkewa. Zama wuri ɗaya tsautsayi, in ji kifi.

Ƙwayar Stugeron ɗin kuwa ta 'yan kwanakin farko ce, lokacin amai da hajijiya mai tsanani. In aka daɗe a kanta tana jinkirta koyon, ga kasala, a tsofaffi har rawar hannu takan kawo.

Kada kuma ka ce za ka kalli bidiyo a waya ka zama malaminta. Jiri iri-iri ne. Akwai wanda 'yan ƙwayoyin cikin kunne ne suka gusa daga mazauninsu, ana mayar da su da wani juyin kai na musamman, wani sa'in a zama ɗaya. Akwai na saukar jini, akwai na magunguna. Mai gashin ne ya san lokacin ƙari da na sassauci, shi zai tsaya kusa kada ta faɗi. In ka ga baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko gefe guda ya mutu, wannan ba na atisaye ba ne, asibiti kai tsaye.

Hajiya ta ce mini tana kewar sujada, ta gaji da sallar zaune. Faɗa wa masu gashin haka, su sa sunkuyo da ɗagowa cikin abin da za ta riƙa gwadawa. Abin yakan ɗauki makonni, sai haƙuri. Gobe ka je a ba ku sabuwar rana, ka tafi da kwalin maganin. In aiki ya riƙe ka, Gwaggonka za ta raka ta.