Teburin Yara Amana Ne

Jama'ar Tanda, ƙasarmu ta Gaya tana samun ruwa da yawa. Da damina katako yakan kumbura, da hunturu ya bushe. Sai ƙusa ta yi tsatsa, ta saki. Yaro ya hau tebur a tsakar gida, ƙafar tebur ta ɓalle, ƙusa ta soke shi.

Kafinta na kirki yakan huda katako, ya sassaƙa kan ƙafa daidai ramin, ya cusa, ya datse da tsinken icce. Wannan aiki ya fi tsada, kuma a ɓoye yake. Yaro ba ya wurin ciniki, amma shi zai ji ciwo. Don haka amanarsa tana wuyan kafinta da uba. Maigida, kife teburin ka duba kafin ka biya. Araha ba ta ado.