Asali Ko Amfani: Me Ke Haɗa Ƙasashe?

Masana sun daɗe suna gardama a kan wata tambaya. In ƙasa za ta zaɓi abokiya ko abokiyar gaba, shin asali take dubawa, watau harshe da addini da al'ada, ko kuwa amfanin kanta kurum? Sun rabu gida uku.

Na farko suka ce ƙarfi ne da amfani. Babban malaminsu shi ne Hans Morgenthau, wanda ya wallafa littafinsa a Amurka cikin 1948. A ganinsu duniya kamar kasuwa ce wadda ba ta da sarki, kowa shi ke tsaron kayansa. Hujjarsu kuwa ba ƙarama ba ce. Mutanen Iraƙi da na Kuwaiti maƙwabta ne, akasarinsu Larabawa Musulmi, amma duk da haka Iraƙi ta mamaye Kuwaiti cikin 1990 a kan rigimar bashi da man fetur.

Na biyu suka ce a'a, asali ne. Cikin 1993 Samuel Huntington ya ce manyan rigingimun gaba za su tashi ne inda al'ada ta yi iyaka da wata al'ada. To, amma wannan bai warware mana zancen Kuwaiti ba.

Na uku su ne irin su Alexander Wendt. Ya ce a duba, Ingila ta fi Koriya ta Arewa yawan bama-baman nukiliya nesa ba kusa ba, amma na Koriya su ke hana Amurka barci. Ashe ba makamin ake tsoro ba, sai mai riƙe da shi. Abota da gaba kuwa zaman tare ke gina su, ba gadonsu ake yi ba.

Ni dai na fi karkata ga na ukun nan. Faransa da Jamus sun gwabza yaƙi cikin 1870 da 1914 da 1939, har ana ce da su maƙiyan gado. Amma cikin 1963 De Gaulle da Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar abota. Ba wanda ya sake harshensa, yadda suke duban juna ne ya sake.

Saboda haka, ɗan'uwa mai karatu, in wani ya ce maka mutanen ƙasa kaza maƙiyanmu ne tun kaka da kakanni, kada ka yi saurin yarda. Ka tambayi kanka wa zai ci riba in an yi faɗan. Ka kuma tuna asali ɗaya ba ya hana yaƙi in ba a kiyaye haƙƙin juna ba. Zumunta a ƙafa take, ko tsakanin ƙasashe.